Layin da Ke Wuyanmu

Ban amince da tunanina gaba ɗaya ba, kuma ina ganin ya kamata in faɗi haka tun farko. Shekaru sun yi nisa. Lokacin na gama sakandare ke nan ina jiran shiga jami'a. Akwai abin da na gani da idona, akwai wanda na ji daga bayan labule, akwai kuma wanda na maimaita wa kaina sau da yawa har ban san ko haka ya faru ko haka na saba faɗarsa ba. Zan yi ƙoƙari in riƙa bambantawa. Ba zan ambaci sunan kowa ba, domin wasu suna raye kuma ban nemi izininsu ba.

Muna zaune a unguwar Television a Kaduna, a wani gidan haya mai ɗakuna jere kewaye da tsakar gida, da rijiya a tsakiya wadda ba a shan ruwanta sai wanki. Babanmu yana aiki a masaƙa a Kakuri, wani satin aikin safe, wani satin na yamma. A gidan akwai wata nas 'yar Binuwai, da wani makanike Ibo da matarsa, sai mutumin da nake son yin maganarsa. Mutumin Filato ne. Ya tsufa a masaƙar da Babanmu ke aiki, a sashen da ake zana furen atamfa kafin a buga. Da aka sallame su sai sunan aikin ya bi shi gida. Kowa a layin Baba Dizaina yake ce masa, har matarsa idan tana tsokanarsa.

Ni tun ina firamare komik, wato littattafan labari cikin zane, ya kama ni. Yayana yana da wani kwali a ƙarƙashin gado cike da su, duk na gwanjo, irin waɗanda ake bazawa a ƙasa a bakin kasuwa. Yawancinsu ba bango, wasu an yage shafin ƙarshe an ƙulla gyaɗa da shi. Ban taɓa samun labari ɗaya daga farkonsa har ƙarshe ba. Za a bar jarumi rataye a saman wani dogon bene, sai littafin ya ƙare, kuma na gaba bai taɓa zuwa Kaduna ba. Na saba ƙarasa musu labarin da kaina a bayan littafin lissafi. Duk mutanen cikinsu a wasu birane suke masu sanyi, kuma ban taɓa kawowa a raina cewa ana iya zana wanda na sani ba.

A shekarar da sojoji suka miƙa mulki Baba Dizaina ya fara abin da ya fara. Yana da teburi ƙarami a bakin ƙofarsa, da kwalaben tawada da ya taho da su daga aiki. Duk Asabar sai ya fito da takarda guda, an raba ta gida shida, ya kai shagon fotokofi da ke bakin titi a buga masa 'yan kaɗan. Ɗaya a manna a shagon aski, ɗaya wurin mai shayi, sauran su zaga gidaje. Ba wani abu da ke faruwa a ciki. Layin bokitai a bakin famfo da matan da ke gardamar wa ya riga wa. Akuyar makanike tana cin fostar ɗan takara daga ƙasa zuwa sama, har ya rage hula kaɗai. Nas ta dawo aiki tana gyangyaɗi a bayan ɗan acaba. Maganar ciki kaɗan ce, rabi Hausa rabi Turancin Burokin, yadda muke yi a layin. Amma kowa za ka gane shi, ba ta fuska kaɗai ba, har ta yadda yake tsayuwa.

Ba zan iya kwatanta abin da takardar nan ta yi mini ba tare da na yi kamar ina ƙarawa ba. Na dai san na daina buɗe kwalin yayana.

A ta huɗu ko ta biyar, ban tabbata ba, ya zana Babanmu zaune a kan tabarma da rediyo a kunne ranar rantsuwa, yana ɗaga wa yara hannu su yi shiru. Kowa ya ce ya fito sak. Babanmu ya kalla ya daɗe, bai yi faɗa ba, sai da daddare wajen cin abinci ya ce mini tunda ni ce mai zama wurin tsohon, in gaya masa cikin ladabi ya cire mu. Ya ce shi ba ya son a zana shi, abu mai rai ba abin wasa ba ne.

Ban isar da saƙon yadda aka ba ni ba. Wannan na tabbata.

A Islamiyyarmu akwai abin da aka koya mana, kuma ina roƙon masana su yi mini afuwa, ni ba malama ba ce, abin da muka taso muna yi nake faɗa. An ce mana wanda ya zana abu mai rai za a nemi ya hura masa rai ranar gobe. Amma idan ka ja layi a wuyan abin, ka raba kai da gangar jiki, to ya daina zama cikakkiyar sura. Haka muke yi duka. Littafin bayolojina har zomo da ƙadangare duk da layi a wuya. Malamin boko ya taɓa tambaya ko wani sashen jiki ne da bai sani ba. A wurinmu abin bai fi ɗiga aya a ƙarshen jimla ba.

Sai na je na tsuguna a gefen teburin Baba Dizaina na gaya masa Babanmu bai ji daɗi ba, amma akwai mafita. Na yi masa bayani. Ya ajiye alƙalami ya dube ni ta saman tabarau.

"'Yar Malam, kina nufin in yanka babanki da rula?"

"Ba yanka ba ne, Baba. Layi ne kawai, siriri. Don kada ku ɗauki alhaki, ku da shi."

"Ni ma har da ni a alhakin?"

"Ai ku ne mai zanen."

Ya yi dariya har ya yi tari. Matarsa daga wajen murhu ta ce ga shi nan, ya samu wadda za ta cece shi tunda fasto ya gaji. Daga baya ya ce abin ba baƙo ba ne a wurinsa. A masaƙa ma idan atamfar ta kasuwar Arewa ce, tsuntsu ba a yi masa ido, wani lokacin a mayar da shi ganye gaba ɗaya. Ya ce shi ba ya son ya ɓata wa maƙwabci rai a kan takarda. Sai ya tambaye ni ko su waye kuma abin zai dama a layin, don kada ya gyara wa ɗaya ya bar saura.

Ni na lissafa masa. Mai shayi da ƙaninsa. Mahaucin kan kwana. Tela da matansa da ke kitso. Direban tanka da iyalinsa. Gidanmu. Yana rubutawa a bayan kwalin sigari, ina ƙirgawa da yatsa, ina jin daɗin cewa na yi abin kirki.

Asabar ta gaba kowanenmu ya fito da layinsa. Siriri ne ƙwarai, kamar zaren ɗinki, sai ka kawo takardar kusa da ido. Na kai wa Babanmu. Ya tambaye ni wa ya koya wa tsohon wannan, na ce shi ya yi tunaninsa, wai a masaƙa ya saba. Na ji tsoron a ce na je ina ba manya fatawa. Babanmu ya gyaɗa kai ya ninke takardar ya sa a aljihu. Mai shayi ya ce wallahi wannan dattijo ya san mutunci. Maganar ta mutu a nan, muka ci gaba da fitowa duk sati, ni ma har sau uku aka zana ni, ina karatu a bakin rijiya, da layina a ƙasan haɓa.

Ban san ranar da garin ya fara canzawa ba. Ba wanda ya zagi wani a gidanmu. Sai dai gaisuwa ta gajarce. Gardamar addini da ake yi a rediyo ta sauko wurin mai shayi, daga baya ta daina, domin an daina zama benci ɗaya. Idan na shiga shagon aski kiran yayana sai hira ta tsaya, a ji ƙarar almakashi kaɗai. Nas ta fara kulle ƙofarta da rana. Baba Dizaina bai fasa zane ba, kuma bai sa komai na wannan a ciki ba, amma na lura mutanen cikin gidajen zanen sun daina kallon juna. Kowa yana kallon gefe, wajen bakin takardar, kamar ana kiransa daga waje. Na tambaye shi dalili ya ce shi abin da ya gani yake zanawa. Mai yiwuwa ni ce na ƙara wannan daga baya, amma haka nake tuna su.

Abin da ba mu sani ba shi ne takardun sun fita daga layinmu. Wani ya kai wa abokinsa, abokin ya sake bugawa, na gaba ya buga daga wancan. Wanda ya yi hulɗa da tsohon injin fotokofi ya san abin da yake yi. Duk bugu yana cinye abin da ke da haske, ya ƙara wa baƙi kauri.

Na gane haka ne a Trikania, a gidan ƙanwar mamata, wata Juma'a da rana. Ina zaune ina tsince shinkafa sai maƙwabciyarta ta shigo da takarda a ƙunshe cikin mayafi, ta ce a zo a ga abin da ake shiryawa a Television. Na karɓa. Zanen bakin famfo ne, na san shi, ina wurin aka yi shi. Amma fuskokin sun goge, ba ido ba baki, sai farin wuri. Layin kuwa ya yi kauri kamar an ja shi da gawayi, gefensa ya tsattsage kamar yana zuba. Wasu da shi, wasu babu. Wani ya bi da biro ya rubuta a saman kowane mai layi ko shi waye: mai shayi, tela, mahauci. Matar ta sa yatsa a kan wata mara fuska da bokiti a hannu ta ce wannan ma yarinya ce, ko tausayi babu.

Ni ce. Na gane zanen atamfata.

Na buɗe baki in yi bayani. Ƙanwar mamata ta riga ni, ta ce ai a gidanmu mai zanen yake, ta kama hannuna ta riƙe kamar yanzu za a ƙwace ni. Mata suka taru suna salati suna kallon wuyana. Na ce, a hankali, ai layin na addini ne, irin na Islamiyya. Matar ta ce to shi ina ya san Islamiyya, wa ya ba shi sunayenku ɗaya bayan ɗaya bai kuskure ko guda ba. Na koma kan tsince shinkafata. A motar dawowa ina ta shafa wuyana ban sani ba, sai da kwandasta ya tambaye ni ko wani abu ya cije ni.

Bayan kwana biyu ko uku aka zo gidanmu, bayan la'asar. Babanmu yana aikin yamma. Dattawa ne, na ƙirga takalma bakwai a bakin tabarma ta ƙasan labulenmu, wasu daga masallacin bakin titi, wasu daga cocin su Baba Dizaina, da wakilin mai unguwa. Ba su zo da faɗa ba. Sun zo ne, in ji su, a kashe magana kafin ta yi girma. Aka shimfiɗa takardar Trikania a kan teburinsa, shi kuma ya fito da ta asali ya ajiye a gefe, ya nuna musu sirintar layin. Ya yi bayanin sura da rai kamar yadda na yi masa, har da kalmomina. Wani daga masallaci ya ce lallai akwai wannan, yara suna yi. Amma abin da suke son ji shi ne wa ya nemi a yi, kuma wa ya ba da sunayen. Idan maƙwabci Musulmi ne, ya fito ya faɗa, su kuma su kai maganar duk inda takardar ta kai.

Tsakanin labulenmu da teburinsa bai fi taku goma ba. Mamata tana bayana tana ninke kaya, ba ta san komai ba.

"Wanda ya ce in yi, da zuciya ɗaya ya faɗa," in ji Baba Dizaina. "Ba zan kira shi ba."

"Baba, ba laifi za a ɗora masa ba. Kai za a wanke."

"Na ji. Ku rubuta ni na yi."

Wani dattijon cocinsu ya yi magana da yarensu, da zafi, ban ji ba sai kalmar takarda da ke fitowa a tsakani. Daga baya nas ta gaya wa mamata cewa ce masa ya yi ya jawo wa kowa bala'i saboda wasan yara, ya sa ana kallonsu duka da abin da ba su ƙulla ba. Suka tashi ba a kashe komai ba. Na daɗe ina gaya wa kaina cewa bai dubi ɗakinmu ba ko sau ɗaya. Wasu lokutan kuma ina tuna ya duba. Ban san wanne ne gaskiya ba.

Me ya hana ni ɗaga labulen? Na ba kaina amsoshi da yawa: ƙaryar da na yi wa Babanmu, kunyar fitowa gaban maza, tsoron a ce ni na sayar da mutanenmu. Duk suna da ƙamshin gaskiya. Amma da daddare ma ina iya gaya wa Babanmu, da washegari, da jibi. Ban yi ba.

Asabar ɗin nan bai kai komai shagon fotokofi ba. Da hantsi ina shara na ga takarda a kan murfin rijiya an danne ta da dutse. Gida shida kamar kullum. Famfo yana zuba, bokitai a jere. Bencin mai shayi da kofuna a kai, tururi yana tashi. Keken tela da yadi a ƙarƙashin allura. Tsakar gidanmu da takalma a kowace ƙofa. Ba mutum ko ɗaya, ko akuyar babu. Na ɗaga kai na gan shi zaune a bakin ƙofarsa yana wanke alƙalumansa a gwangwani. Ya ce, "Wannan ba mai alhaki a ciki, ko?" Na ce eh. Ita ce magana ta ƙarshe da muka yi.

Cikin satin suka kwashe kaya suka koma Kakau, inda dangin matarsa ke noma. Ba a jima ba garin ya kama da abin da duk wanda ya zauna Kaduna a lokacin ya sani, ba sai na faɗa ba. Mu Allah ya fitar da mu, makanike ne ya ɓoye mu a garejinsa har aka samu hanyar haye gadar kogin Kaduna. Da ƙura ta lafa muka dawo da a-kori-kura ɗaukar kaya, da tsakar rana. Famfo a buɗe yake yana zuba a kan bokitin wani. Akwai takalma a bakin ƙofar nas. Na tsaya a tsakiyar layin ban ga kowa ba daga wannan kai zuwa wancan. Ba ina cewa Baba Dizaina ya hango wannan a takardarsa ta ƙarshe ba ne. Duk mai ido a lokacin zai iya zana hakan. Amma tashinsa da wuri ya zama hujja a bakin mutane, aka ce ai ya san ranar.

Bayan na gama jami'a da bautar ƙasa na je Kakau sau ɗaya. Na tarar ya rasu. Matarsa ta gane ni, ta ba ni ruwa, ta tambayi kowa da kowa. Bangon ɗakinsu duk fure ne, daga ƙasa har rufi, irin na atamfa. Ta ce tun da suka zo bai ƙara zana mutum ba, ko jikokinsa. Na yi niyyar gaya mata, sai ta ce ita har yau ba ta san wanda ya sa shi wannan aikin ba, ranar da aka yi maganar tana wajen girki ta ɗauka wasa ne, ta manta da wa yake. Ta faɗi haka tana kallona, ba ta ƙifta ba. Na sha ruwan na yi sallama.

Watanni kaɗan da suka wuce, a wani biki a wannan gefen kogin, na ji wata yarinya da ba a haifa ba a lokacin tana ba da labarin wani mai zane a Television da ya bi gida gida yana yi wa Musulmi alama. A nata labarin jan alƙalami ne, kuma duk wanda aka yi wa bai tsira ba. Na ce mata ba haka ba ne, ni ina cikin zanen, ga ni zaune. Ta ce wataƙila wani daban nake nufi, ita kakarta ta ga takardar da idonta.

Saboda haka na rubuta. Ni na ce a ja layin, ni na ba da sunayen, shi kuma ya yi ne don kada ya ɓata wa Babanmu rai. Wannan kaɗai nake rantsuwa a kai. Sauran kuwa, yawan dattawan, da jerin kwanakin, da abin da aka ce a zaman nan, mai yiwuwa na karkace. Duk wanda ya zauna a layin, ko yana cikin waɗanda suka zo gidanmu ranar, ko ya ji daga bakin wanda ya zo, ina roƙonsa ya aiko da gyara ta hannun waɗanda suka buga wannan, ko da gyaran zai ƙara mini laifi ne. Idan kuma a gidanku ana ba da labarin ta ɗaya fuskar, don Allah a karanta wa tsofaffin wannan tun suna ji.